Ranar da Iska Ta Yaye Rufin Ajinmu

Yanzu ƙugin adaidaita sahu ne yake tashin unguwarmu. Tun ban shafa addu'ar asuba ba nake jin su suna shigowa lungu ɗaya bayan ɗaya, suna danna ham a ƙofar gidaje, iyaye mata suna ƙwala wa yara kira, ana neman safa, ana neman kwandon abinci. Idan na leƙa ta zaure sai in ga an cusa yaran layinmu a baya, wannan da riga ruwan toka, wannan da shuɗiya, wancan da mai ratsin ja, kowa da tambarin makarantarsa a ƙirji. Gida ɗaya ma sai ka ga kala biyu. Suna wuce juna ba gaisuwa, don ba su san juna ba, alhali katanga ɗaya ce ta raba ɗakunan da suke kwana. Sai an kwashe waɗannan, lungu ya yi tsit, sannan ragowar suke fitowa a ƙafa, 'yan makarantar gwamnati, da farar rigar da ta gaji da wanki. Jikata Hauwa'u tana cikinsu. Ni kuma in na bi bayanta da kallo, sai zuciyata ta koma irin safiyar da ba za ta sake wayewa a Gyaɗi-Gyaɗi ba.

A lokacin da nake yarinya unguwar nan bakin gari ce. Daga ƙofar gidanmu kana hango gonaki har wajen Tarauni, da damina dawa takan yi tsawon da idan mutum ya shiga sai dai ka ji motsinsa. Abin da yake tashinmu shi ne ƙarar guga a bakin rijiya, da amon taɓarya daga gidajen maƙwabta, wannan gida ya buga wancan ya amsa. Kafin rana ta ɗaga na share tsakar gida, na wanke kwanukan jiya da toka, na kai wa Baba koko zaure kafin ya wuce kasuwar Tarauni inda yake awon hatsi. Ina cikin haka sai in ji ƙarfen makaranta. Ba ƙararrawa ba ce ta gaske, wani tsohon ƙarfen ƙafar babbar mota ne aka rataye a reshen darbejiya, monita yana dukansa da guntun rodi. Amma duk faɗin unguwar babu gidan da ba ya jin sa, kuma babu gidan da ba ya motsawa idan ya ji, saboda makarantar ɗaya ce tal, can kowa ya nufa. Inna takan tsaya a kaina a bakin magudanar ruwa ta ce, “Dirje ƙafar nan da kyau. Ba za ki je ki zauna kusa da 'ya'yan mutane da faso ba.” Sai in suri tsintsiyata in fita, don sai mun share filin makaranta tas kafin a jera mu a layi.

'Ya'yan mutanen da Inna take faɗa su biyu ne a bencinmu. Dama da ni Ladi, 'yar malaminmu na aji biyar, Malam Bitrus, mutumin Kudancin Zariya, inda yanzu ake ce wa Kudancin Kaduna. Aiki ne ya kawo shi Kano tun yana saurayi, har bakinsa ya koma na Kanawa. Hagu da ni Bilki, 'yar alƙali, wadda gidansu ne kaɗai mai bene a unguwar. Ni 'yar mai awo ina tsakiya. Idan an tashi tara mukan baje abin da muka zo da shi a kan bencin, ni ƙuli-ƙuli ko dafaffiyar gyaɗa, Ladi gwaza ko masara, Bilki burodi, mu ci har mu manta wa ya kawo me. Ba na cewa aljanna muka zauna. Akwai bulala, kuma Malam Bitrus da 'yarsa yake farawa kafin ya zo kan kowa. Akwai ƙwarƙwata, akwai ƙazwa, akwai yaran da ake cirewa da damina su tafi gona su dawo sun manta baƙi. Amma ban taɓa jin an tambayi yaro aikin ubansa kafin a nuna masa wurin zama ba.

Wata rana a farkon damina, mun dawo daga tara muna lissafi, sai gabas ta yi baƙi ƙirin. Ajin ya yi duhu har rubutun allo ya daina ganuwa. Da farko wata 'yar iska ce mai sanyi da ƙamshin ƙasa, muna murna muna zungurar juna. Can sai kwanon rufi ya fara kaɗawa kamar ana buga masa sanduna, tagogi suna haɗuwa da bango suna dawowa. Malam Bitrus ya ajiye alli ya ce, “Kowa ya shiga ƙarƙashin benci. Yanzu!” Muna shiga na ji wata ƙara da har yau idan na tuna ta sai haƙorana sun yi tsami, ƙarar ƙusoshi suna zarewa daga katako. Na ɗaga kai ta tsakanin benci na ga sama, sama fili, a inda rufi yake ɗazu. Ruwa ya zubo mana kamar da bakin tulu. Wani babban katako da ya riƙe rufin ya sauko ta gefe ɗaya, ya nufo layin gaba inda ƙananan cikinmu suke, Malam Bitrus ya tare shi da hannunsa na dama. Duk rurin iskar nan sai da na ji ƙarar ƙashin.

Ladi ta kwantsama ihu, “Baba!” Ranar na fara jin ta kira shi haka a aji, kullum Malam take cewa kamar kowa.

Ya juyo, fuskarsa ta yi fari, ya ce, “Babu Baba a nan. Riƙe hannun ta kusa da ke, ku fita biyu-biyu.”

Ta riƙe nawa, na riƙe na Bilki, muka fita cikin ruwa. Muna fita muka ga unguwa gaba ɗaya ta taho a guje. Matan da ba a taɓa ganinsu a waje da rana ba suna tafe mayafi a jiƙe, kowacce tana kiran sunan ɗanta. Baba ya baro rumfarsa a buɗe, garin gero har gira. Sai da ya shafa kaina ya tabbatar lafiyata ƙalau, sannan ya ɗora Malam Bitrus a bayan kekensa ya tura shi a ƙafa cikin taɓo har gidan mai ɗori.

Da yamma mai unguwa ya sa aka yi shela cewa ranar Asabar akwai gayya a makaranta. Abin da na gani ranar shi ne na rayu da shi har tsufana. Alƙali ya zo da kansa, ya tuɓe babbar riga ya rataye a reshe, ya shiga layi yana miƙa kwano ga wani mahauci da yake kan tsani, mahaucin yana ce masa, “Allah ya gafarta Malam, ɗaga ɓangarenka kaɗan.” Mutanen cocin su Malam Bitrus sun zo da zarto da guduma, cikinsu har da wani kafinta mutumin Filato da ya zama shi ne shugaban aikin, kowa abin da ya ce ake yi. Ma'aikatan gwamnati da suke zaune a Tarauni suka kawo sabon kwano a bayan akori-kura. Mata suka ɗora tukwanen dambu a gidan da yake kusa, mu kuma 'yan mata muna jigilar ruwa daga rijiya har wuyanmu ya ƙage. Malam Bitrus yana zaune a inuwa da hannu a ɗaure cikin karare, an hana shi taɓa komai, yana ta mita.

Da na kai wa Baba ruwa na ce masa, “Baba, ai makarantar gwamnati ce. Me ya sa ka rufe rumfa ranar ciniki? Gwamnati ba za ta gyara ba?”

Ya sha ruwan, ya miƙo mini moɗa ya ce, “Za ta zo ta gyara, in Allah ya yarda. Amma kafin ta zo, kan wa ruwan zai zuba, kanta ko kanki?”

Kafin la'asar sakaliya an buga ƙusa ta ƙarshe. Ranar Litinin muka koma aji. Har ƙarshen zangon Malam Bitrus da hagu yake rubutu a allo, baƙaƙensa duk sun karkace, mu kuma muna kwaikwayonsu a karkace don tsokana, shi kuma ya yi kamar bai gani ba.

Ba zan iya nuna ranar da abin ya fara lalacewa ba, don ba rana ɗaya ya lalace ba. Na yi aure a nan unguwar, na haihu, 'ya'yana ma can suka yi firamare. Gonaki suka zama filaye, filaye suka zama gidaje, Tarauni da Darmanawa da Hotoro suka haɗe babu tsaga. Yara suka yi yawa, azuzuwa suna nan yadda muka bar su. Benci na uku ya koma na biyar, daga nan ya karye aka jingine shi a bango, aka koma ƙasa. Malamai suka fara yajin aiki, a buɗe a rufe. Sai aka ji an buɗe makarantar kuɗi a wajen Tarauni, mai fentin bango da motar ɗaukar yara. Manyan ma'aikata suka fara kwashe nasu, sai manyan 'yan kasuwa, sai masu tsaka-tsakin hali, sai duk wanda zai iya matse cikinsa ya biya. Kowanne da hujjarsa, kuma hujjar gaskiya ce. Ban ga uban da ya cire ɗansa don mugunta ba. Amma duk wanda ya fita, ya fita da bakinsa, wanda da shi ne ake jin maganar makarantar a ofis. Aka wayi gari babu sauran yaro ɗaya a ciki da ubansa zai buga waya a ɗauka.

Yanzu makarantun kuɗi a yankin nan sun fi shagunan ɗinki yawa. Akwai manya masu doguwar katanga da mai gadi, waɗanda ko leƙawa irinmu ba sa yi. Akwai na Islamiyya haɗe da boko, akwai na coci. Akwai kuma irin na lungu, gidan haya mai ɗaki uku da aka rubuta wa suna na Turanci a ƙofa, babu filin wasa, babu bishiya ko ɗaya, yara suna cunkushe a ɗakin da aka gina don gado da sif. Malamansu samari ne da 'yan mata da ake kira ankul da anti, wannan zangon ka ga wannan, wancan zangon ya samu wani aikin ya tafi. Duk da haka iyaye sun fi son su, don ko ba komai yaro zai dawo gida ya ce musu wata kalma da ba su sani ba, su ji daɗi. A da idan an tambayi yaro makarantarsa, ana so a san ajinsa ne. Yanzu ana tambaya ne don a san gidan da ya fito.

Hauwa'u 'yar ɗan farina ce, wanda har ya koma ga Allah bakina bai iya kiran sunansa ba. Haɗarin mota ne ya ɗauke shi a hanyar Zariya tana rarrafe. Uwarta ta yi wani auren a nesa, yarinya ta dawo hannuna. Ƙanin ubanta, Nasiru, ma'aikacin gwamnati ne, yana zaune a Tarauni da iyalinsa, 'ya'yansa duk suna wata makarantar kuɗi mai kyau a wajen Hotoro. Bai yi watsi da ita ba, Allah ya sani. Ya sa ta a wata ƙaramar makarantar kuɗi da take bayan layinmu, ta fara karatu, tana da kai, har ta fara haɗa baƙi tana karanta mini rubutun jikin gwangwanin madara. Ana tsakiyar zango mai gidan ya sayar da gidansa. Yara suka je da safe suka tarar da kwaɗo a ƙofa da tulin yashi a gaba. Yau wurin shaguna ne. Mai makarantar ba a sake ganinsa ba. Nasiru ya zo ya zauna a gabana kansa a ƙasa ya ce, “Hajiya, wallahi nauyin ya fi ƙarfina. A sa ta a ta gwamnati tukunna, in abubuwa suka daidaita sai a mayar da ita.” Na san abubuwa ba za su daidaita ba, shi ma ya sani.

Abin da ya ɗan kwantar mini da hankali shi ne Ladi. Ita ta gaji ubanta, ta yi karatun malanta, ta dawo makarantar da muka yi tana koyarwa, kuma duk kiran da masu makarantun kuɗi suka yi mata ba ta tafi ba. Malam Bitrus ya daɗe da rasuwa, Bilki ma aure ya kai ta wata jiha muka daina jin ɗuriyarta, sai mu biyu muka rage, ina kai mata naman Sallah tana aiko mini da shinkafar Kirsimeti. Ranar da na kai Hauwa'u ta rungume ta ta ce, “Ƙawata, bar mini ita. Muddin ina nan sai ta yi karatu.” Na tsaya a ƙofar ajin na leƙa. Yara ne a ƙasa jiki na gugar jiki tun daga gindin allo har bakin ƙofa, wasu a kan taga. Ladi tana magana, muryarta ba ta wuce layi na huɗu. Na baya suna wasansu. Allon ya koɗe har alli ba ya kama shi. Na dawo gida ban iya cin abinci ba.

Hauwa'u tana aji huɗu iska ta yaye rufin ɓangarensu. Allah ya taimaka ranar Lahadi ce, babu kowa a ciki. Ladi da hedimasta suka yi ta zirga-zirga zuwa ofis, a ce an ji, a ce za a turo masu dubawa. Masu dubawa suka zo suka ɗauki hoto suka tafi. Damina ta wuce, rani ya zo, yara suna zaune rana tana dukan tsakar kansu, wata daminar ta sake kamawa. Da an ga hadari ya haɗo sai a kaɗa ƙarfe a sallami kowa. Akwai makon da Hauwa'u ba ta yi cikakken yini ɗaya a makaranta ba. Abin da ta iya a baya ya fara zubewa, in na miƙa mata takarda sai ta yi ta kallo tana motsa baki, sannan ta ce kanta yana ciwo.

Na je wurin Ladi na ce, “Mu kira gayya mana, kamar yadda iyayenmu suka yi.”

Ta dube ni ta ce, “Wa za ki kira?”

Na ce, “Mutanen unguwa.”

Ta ce, “Je ki gwada. Ni zan gaya wa iyayen yara, su za su zo. Amma ƙawata, hannu kawai suke da shi.”

Muka tsayar da ranar Asabar. Da Nasiru na fara. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Hajiya, yanzu ba haka ake yi ba. Ginin gwamnati ne, idan kika taɓa shi ba da izini ba sai a ce kin yi laifi. Akwai kwamiti, akwai tsari. Kuma ranar Asabar ɗin ma akwai taron iyaye a makarantar su Amira.” Amira 'yarsa ce, sa'ar Hauwa'u. Na bi gidajen layinmu da sandata, masu hali suka karɓe ni da mutunci, suka ce Allah ya ba da lada, suka ce za su duba. Daga ƙarshe na daure na je gidan ƙanin Bilki, ɗan alƙali, wanda yanzu babban mutum ne, shi ma a ƙarƙashin wancan rufin ya koyi rubuta sunansa. Ya sa aka shigo da ni falo, aka kawo mini lemo mai sanyi, ya tambayi lafiyar kowa. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya ɗaga gira ya ce, “Ikon Allah! Hajiya, wai makarantar nan har yanzu tana nan?” Kullum ta gabanta motarsa take wucewa. Ya yi alkawari zai yi magana da waɗanda abin ya shafa, ya rako ni har ƙofa.

Ranar Asabar na dafa dambu tukunya guda na sa aka kai. Mutane sun zo, ba zan ce ba su zo ba. Iyaye mata masu suyar awara da masu wankau, da wasu 'yan adaidaita, da masu tura ruwa, da wani tsohon kafinta da idonsa ya fara rauni. Suka kwashe tarkace, suka share, kafintan ya hau ya daidaita katakon da ya rage. Sannan kowa ya tsaya ya ɗaga kai. Babu kwano ko falle ɗaya. Muka jira har azahar, duk motar da ta karyo kwana sai mu juya, ta wuce. Wani ɗan adaidaita ya je ya aro tamfol irin na rumfar biki, aka ɗaure shi da igiya a kan rabin ajin. Muka zauna muka ci dambun. Wata mata ta ce mini, “Hajiya, kin yi ƙoƙari. Mu dama mun san namu ne kawai a ciki.” Ruwan da aka yi a makon ya cika tamfol ɗin ya yage shi gida biyu.

A ƙarshen wannan shekarar Ladi ta yi ritaya. 'Ya'yanta suka matsa mata ta koma kusa da su a Kafanchan, garin da ba ta taɓa zama a cikinsa ba. Ta zo sallama da jakarta a hannu, muka zauna a tabarma ɗaya. Ta ce, “Na yi miki alkawari ban cika ba. Yarinyar nan tana da kai, amma ni kaɗai ce, su kuma sun fi ƙarfin muryata.” Na ce ba laifinta ba ne. Ta ce jikokinta ma duk makarantar kuɗi suke, ta yi faɗa har ta gaji, ɗanta ya ce mata, Mama, ke da kanki kin san abin da yake ciki. Muka yi kuka irin na tsofaffi, wanda ba ya fitar da sauti. Tun da ta tafi babu wanda ya sake kiran Hauwa'u da sunanta a makarantar.

Kwanakin baya aka yi walimar yaye su Amira daga firamare. A da mu takarda kawai ake miƙo mana mu tafi gida, yanzu biki ake yi da rumfuna da kujerun roba da mai ɗaukar hoto. Nasiru ya aiko a ɗauke mu. Na sa wa Hauwa'u atamfarta ta Sallah, na gyara mata ɗaurin ɗankwali da hannuna. Filin makarantar shimfiɗe da ciyawa, azuzuwa da fanka, ga wani ɗaki cike da littattafai an bar ƙofarsa a buɗe don iyaye su gani. Hauwa'u ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin nan ta kasa gaba ta kasa baya, sai da na ja hannunta. Amira ta hau dandamali da doguwar riga da hula mai tuntu ta karanta jawabi da Turanci ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Na yi mata murna har cikin raina, ita ma jinina ce. Da ta sauko ƙawayenta suka kewaye ta suna ta Turancinsu, Hauwa'u ta matsa kusa tana murmushi, babu wadda ta juyo. Ba wulaƙanci Amira ta yi mata ba, mantawa ta yi da ita.

Ana rabon abinci na tafi alwala. Da na dawo na hango wata mata mai leshi da gwala-gwalai, uwar wata ƙawar Amira, ta tara robobin abincin da aka gama ci ta ɗora wa Hauwa'u a hannu, tana nuna mata inda ake zubarwa, tana yi mata magana. Yarinyar ta karɓa hannu biyu har da rusunawa. Na iso daidai lokacin da matar take ce wa matar Nasiru, “Yarinyar aikinku tana da hankali. A ina kuka samo ta?”

Ban san lokacin da na fizge robobin na watsar a kan ciyawar ba. Na ce, “Jikata ce. Ubanta da uban Amira ciki ɗaya suka fito.” Matar ta dafe ƙirji tana ba da haƙuri, ta ce wallahi ba ta sani ba, ta ji yarinyar ba ta amsa Turanci ne. Matar Nasiru ta sunkuyar da kai. Nasiru ya taho yana cewa Hajiya a yi haƙuri mutane suna kallo. Na kama hannun Hauwa'u muka fita, ban jira motarsa ba, na tsayar da adaidaita a bakin titi.

Muna tafe ina ta faɗa ni kaɗai. Ita kuwa Hauwa'u tana kallon waje. Sai da muka shigo Tarauni, rana ta yi sanyi, sannan ta taɓa gwiwata ta ce, “Hajiya, da ba ki yi mata faɗa ba. Tana da kirki.”

Na ce, “Kirkin me? Ta mayar da ke 'yar aiki?”

Ta ce, “Ta ce tana neman yarinyar da za ta riƙa raka ƙananan 'ya'yanta makarantar, ta riƙe musu jaka, ta jira su a baranda har a tashi.” Sannan ta ƙara da ƙaramar murya, “Hajiya, ki bar ni in je. Na duba, tagoginsu a buɗe suke. Daga baranda ana jin duk abin da malamar take faɗa.”

Na daka mata tsawar da ban taɓa yi mata ba. Na ce muddin ina numfashi 'yar ɗana ba za ta riƙe wa kowa jaka ba, na ce kada in sake jin wannan maganar a bakinta. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi gardama ba. Ta ce, “To, Hajiya.” Muka wuce shataletale, muka karyo kwanar Gyaɗi-Gyaɗi. Can ta sake ɗago kai ta dube ni, ba da rashin kunya ba, tambaya ce tsakani da Allah irin ta yaron da ya yarda babba ya san komai.

“To ina zan je in koya?”

Mai adaidaitan ya miƙa hannu ya rage muryar rediyonsa, shi ma yana jiran amsata. Har ya sauke mu a ƙofar gida ban samo ta ba.